Direba Ya Kafa Daula

"Lafiya lau, sai ciwon gwiwa. Ke fa, ya hanya? Ko yau ma a tsaye aka lodo ki a bas kamar buhu?"

"A zaune na zo, Tsoho. Wani saurayi ne ya tashi ya ba ni kujerarsa, mai haƙora talatin da biyu cif. Kai kuma na ga ka sha hular fita. Ina zuwa? Jana'izar daularka?"

"Walimar cin nasara. Ajiye jakar nan ki kunna mana, kin cika ni da surutu tun ba ki zauna ba."

Mahaifina ke nan da jikarsa, 'yar yayana. Shi yake ce mata Amarya tun tana rarrafe, har sunan ya bi ta, yanzu duk gidan haka muke kiranta. A ɗakin gwajin jini take aiki, kuma duk Asabar da hantsi sai ta zo da kwamfutarta. Ni ina can gefen falo ina guga, kunnena yana wajensu.

Baba shekara arba'in da ɗaya ya yi yana jan babbar mota. Da ya ajiye aiki sai ya sayi ƙaramar mota, kullum da safe ya goge ta ya fita kasuwa ko wajen abokansa. Wata huɗu da suka wuce likitan ido ya ce ya daina tuƙi. A satin kuma ya karya madubin gefe a ginshiƙin ƙofar gida, ya ce ginshiƙin ne ya matso. Yayana ya je zai yi masa magana, Baba ya ɗaga ido ya dube shi sau ɗaya, sai ga yayana yana zancen ruwan sama. Ni ko gwadawa ban yi ba. Amma tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba. Duk ranar da ya fita, abinci ba ya wuce min sai na ji ƙarar motar a ƙofa.

Amarya ce kaɗai ta iya ce masa, "Angona, ka makance, kawo makulli." Ya ce ta zo ta ƙwata in ta isa. Daga nan suka ƙulla alkawari a kan wani wasan kwamfuta na kafa daula. In ta ci shi, ya ba da makulli. In ya ci ta, ba mai sake yi masa zancen tuƙi a gidan nan.

Yadda wasan yake, kowa ana ba shi ƙauye ɗaya a kan taswira, ana yi bi da bi. In zagayenka ya zo, kai za ka zaɓa: ka yi gona, ka gina makaranta, ka shimfiɗa hanya, ko ka ɗauki soja. Ana ci da yaƙi, ana ci da ilimi, ana ci da ciniki. Ban da su biyun akwai wata daula da kwamfutar take ja da kanta, suna ce mata Jajaye. Ni na zaci sati ɗaya zai yi ya sha kashi mu huta. Ga shi an shiga zagaye na ɗari biyu da sha biyu, shi kuma yana nan yana tuƙinsa.

"To ga mu," in ji Amarya, ta juyo da fuskar kwamfutar. "Tankoki goma sha biyu a ƙofar babban birninka. Wai me ma ka sa masa suna?"

"Tasha."

"Tasha! Mutum ya kafa daula guda ya rasa sunan da zai sa wa biranensa sai Tasha, Gareji, Kwana, Birki."

"Sun fi naki. Birni na Ɗaya, Birni na Biyu, Birni na Uku. Kamar kwalaben fitsarin da kike jerawa a wajen aiki."

"Jini nake gwadawa."

"Duk ruwan jikin mutane ne. Ni ban san me na gani a jikinki na aura ba."

"Ni ce na taimaka maka, ba mai so. Ka gaya min, soja nawa ne a Tashar taka?"

"Ɗaya."

"Ɗaya?"

"Mai gadi ne. Shi ma barci yake yi."

"To ka fito da makullin nan tun da girma da arziki, kada in shiga in ɗauka a gaban talakawanka."

Baba ya gyara zama, ya ɗora hannu biyu a kan sandarsa. Na san zaman nan. Haka yake yi in zai koya wa mutum hankali a tsanake.

"Amarya, tankokin nan naki me suke sha?"

"Mai."

"Man wa?"

"Nawa. Saya nake yi."

"A hannun wa?"

Ta mayar da idonta kan taswirar.

"Ki faɗa mana, gwaggonki tana ji."

"A hannunka. Sai me? Yarjejeniya ce."

"Yarjejeniyar zaman lafiya ce. Kina harba harsashi ɗaya ta warware. Kowace tanka man zagaye uku take ɗauka. Ganuwar Tasha sai an yi zagaye biyar ana dukanta kafin ta faɗi. Ke kika yi makaranta, ki cire uku daga biyar."

"Sai in kawo mai daga gida."

"Ta wace hanya?"

"Ta babbar hanya mana."

"Wa ya shimfiɗa ta?"

"Tsoho, kada ka raina min hankali."

"Ni na shimfiɗa ta, har gadar da ke kanta. Lokacin da nake ginin gadar kina ta dariya, kina cewa tsoho ya ga kwalta ya rikice. Dannawa ɗaya zan yi in karya ta. Tankokinki su zauna a ƙofata kaji su yi ƙwai a ciki."

"Ina da jiragen ruwa."

"Kina da su, har shida, masu kyau. Mashigin tekun na waye?"

"Na Jajaye."

"Jajaye kuwa tun zagaye na talatin nake aika musu gishiri kyauta. Ke me kika taɓa aika musu?"

"Kibiya."

"To kin gani."

Amarya ta cire mayafinta ta ajiye a hannun kujera. Ni kuma na san ta, in ta cire mayafi abin ya kai mata wuya.

"Ai ba yaƙi kaɗai ake ci da shi ba," ta ce. "Sai in juya in bi ta ilimi. Ina da birane tara, kai kana da huɗu."

"Bi mana. Ina makarantun?"

"Zan gina."

"Kin gina ai, tun da can. A zagaye na casa'in kika rushe su kika mayar barikin soja. Na ce miki, Amarya, ki bar ko guda biyu. Kika ce wa ya ga malami a fagen fama. Yanzu mutanenki ko agogo ba su ƙirƙiro ba, da inuwa suke duba lokaci."

"Kai naka mutanen fa? Duk 'yan kamasho ne da masu faci."

"Suna cin abinci sau uku. Naki kuwa Birni na Bakwai tawaye suke yi, na ga hayaƙi."

"Ba tawaye ba ne, shara suke ƙonawa."

"Da gidan gwamna a ciki?"

Ta yi dariya ba ta so ba, ta kama baki.

"Wai kai wa ya koya maka duk wannan? Mutumin da ko saƙon waya sai an karanta masa."

"Hanya ce ta koya min. Ke kina kallon wanda ya fi ƙarfi, ni ina kallon wanda zai fara jin yunwa. Direban da ya ɗauki kaya bai san inda zai sha mai a gaba ba, ba direba ba ne, fasinja ne ya zauna a gaba. Wasan nan naku na yara duk lodi ne da sauke lodi. An dai yi masa ado da tutoci."

"Juya bayanka, zan yi nawa."

Dokarsu ce, in ɗaya yana wasa ɗayan ya juya baya. Baba ya juya kujerarsa yana fuskantar bango, yana 'yar waƙarsa ƙasa-ƙasa. Amarya ta daɗe tana jan linzamin kwamfutar. Ta buɗe nan ta rufe, ta ƙirga wani abu da yatsu, ta yi tsaki.

"Kada ki wahalar da kanki," in ji Baba, bai juyo ba. "Jajaye kike roƙo su juya min baya."

"Leƙe kake yi!"

"Da wane idon? Ba kin ce na makance ba? Tsakinki na ji. Me kika ba su?"

"Birni na Tara."

"Suka ce?"

"Suka ce ba sa so."

"Ko ni ba na so. Ba ruwa, ba hanya, sai duwatsu."

Ta janye tankoki huɗu baya don su tsare gadar, ta sa a fara ginin makaranta ɗaya, ta rufe zagayenta. Ko ni da ban iya wasan ba na gane ta makara.

Baba ya juyo da kujera, ya gyara hularsa.

"Yau ba sai kin juya baya ba. Zauna ki kalla. Ke ma ajiye gugar nan ki zo," ya ce da ni. "Ina son shaida."

Na kashe dutsen guga na zo na tsaya a bayansu.

"Kasuwannin Amarya duk ta hanyata suke ci," ya ce. "Saura na Jajaye. Yau zan miƙa musu babbar yarjejeniya, kuma za su sa hannu, don shekara da shekaru suna cin gishirina. Suna sa hannu, ciniki na duniyar nan ya dawo Tasha, wasa ya ƙare. Ban harba ko tsinke ba."

"Ka yi mana, ka cika baki."

"Ki fara shirya abin da za ki gaya wa ubanki."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Haushin Amarya nake ji da ta ɗora maganar rai a kan wasa, ina kuma jin haushin kaina da na zuba ido wata huɗu.

Baba ya kama linzami.  Ya buɗe fadar Jajaye, maɓallai biyu manya suka fito, ɗaya a hagu ɗaya a dama. Ya kai kan na dama ya danna, aka tambaye shi ko ya tabbata, ya sake dannawa.

Sai ganguna suka tashi. Gefen taswirar ya yi ja, jiragen Jajaye suka juyo da hancinsu wajen Tasha.

Baba yana murmushi. "Kiɗan nasara ke nan?"



"Tsoho," in ji Amarya a hankali, "me ka danna?"

"Hannu biyu suna gaisawa. Na dama."

"Takubba ne a dama. Yaƙi ka shelanta musu."

"Ƙarya kike yi. Wata huɗu ina danna shi, a dama yake."

Ta matso ta duba, sai ta dafe kai. "An sabunta wasan shekaranjiya. Sun sauya wa maɓallan wuri. Wallahi ban lura ba."

"Kin ji ko!" Ya juyo wajena. "Kin ga irin matan yanzu. Ta ga za ta sha ƙasa ta je ta haɗa baki da masu wasan."

"Ni ina na san su? Amma Tsoho, hoton fa ga shi nan, ya kai tafin hannuna. Kuma da aka tambaye ka, an rubuta yaƙi da jan rubutu."

Baba ya sunkuya. Ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin, ya karkata kai hagu, ya karkata dama. Ya daɗe a haka. Sannan ya koma ya jingina.

"Tun yaushe ba ka ganin su?" ta tambaye shi.

"Wa ya ce ba na gani?"

"Angona."

Ya ja numfashi. "Tun wajen zagaye na sittin. Taswirar ina ganin launinta. Ƙananan abubuwan ne suke haɗewa. Amma na riga na haddace inda komai yake, to me zan yi da ganinsu?"

"Wato da ka kake wasan nan duk tsawon lokacin nan?"

"Kuma na kai ki bango. Ki riƙa faɗa da wannan."

Amarya ta bi jiragen da kallo. Can ta ce, "Wannan ba kuskurenka ba ne, na masu wasan ne. Yana ajiye kansa duk zagaye. Bari in mayar da shi baya, ka danna na hagu. Ka riga ka ci ni, ba zan karɓi nasarar da ba tawa ba."

Na harare ta kamar idona zai faɗo. Ga abin da muke nema wata huɗu ya faɗo mata a cinya, ita kuma tana neman mayarwa. Amma ta ƙi kallona, ta kai hannu kan linzami.

Baba ya ɗora hannunsa a kan nata.

"Tsaya. Wato akwai maɓallin da ake dannawa abin da ya faru ya zama bai faru ba?"

"Akwai."

"Ko an yi ɓarna?"

"Ko an ƙone birni."

"Lallai masu wasan nan ba su taɓa riƙe sitiyari ba." Ya saki hannunta. "Amarya, hanyar kasuwa ma haka nake bin ta. Na san daga ƙofa taku nawa ne zuwa kwana, na san ramin gaban shagon mai walda, na san inda masu lemo suke ajiye baro. Ba ganinsu nake yi sosai ba, sani na yi. To ranar da aka sauya wa wani abu wuri fa? In yarinya ta fito da gudu daga inda ba a saba fitowa ba, wane maɓalli za ki danna min?"

 

Ya sa hannu a aljihun gaban rigarsa ya fito da makullin. Ya riƙe shi a tafin hannu yana jujjuya shi da babban yatsa. Tunda nake ban taɓa jin tausayin mahaifina irin na lokacin ba, kuma ban taɓa jin sanyi a raina irin haka ba, duk a lokaci ɗaya.

"Miƙo hannu," ya ce.

Ta miƙa. Ya ɗora mata, amma bai saki ba.

"Da sharaɗi. Ba ubanki za ki kai wa ba, shi birki yake takawa kamar yana kashe kunama. Ke za ki riƙe. Ni na koya miki tuƙi, na san abin da na koya."

"Na ji."

"Litinin da Alhamis, ƙarfe bakwai, ki kai ni kasuwa kafin ki wuce wajen kwalabenki."

"Bakwai da rabi."

"Bakwai. Kuma a gaba zan zauna."

"A baya dai, kamar mai gida."

"A gaba. In ba haka ba wa zai gaya miki kin yi kuskure?"

"To ai ba gani kake yi ba."

"Kunnena ƙalau yake. In kika sa giya ta yi ƙara, saki ɗaya. In kika shiga ramin mai walda, biyu."

"Na ukun fa?"

"Na ukun na ajiye, saboda ba ni da wani direban."

Sannan ya buɗe yatsunsa. Amarya ta rufe hannunta a kan makullin, idonta ya kawo ruwa, ta yi maza ta ɗaga shi sama tana kaɗawa.

"Gwaggo, ki shaida! Na ci Tsoho!"

"Ke wa kika ci? Wasa bai ƙare ba. Jajaye sai sun yi zagaye shida kafin su iso, kuma duk jiragensu man Gareji suke sha. Ina da hanya biyu, wataƙila uku. Za ki zauna ki riƙa karanta min maɓallan nan ɗaya bayan ɗaya, da gaskiya, har in gama da ke."

"In karanta maka ka ci ni?"

"Ai aikin amarya ke nan."

"To in ban ci ka ba, makullin nan fa? Wa ya ci ka?"

Baba ya cire hular fitar ya ɗora a gwiwarsa, ya fashe da dariya har yana tari.

"Ni na ci kaina," ya ce. "Duk gidan nan wa ya isa?"